Battar da Injiniya Ya Kawo Daga Rasha

Zariya zuwa Abuja

Ƙarfe biyar da rabi na asuba, ranar Talata, ina sallame sallah direban da babban ɗana ya turo ya danna hon a ƙofar gidana da ke Tudun Wadar Zariya. Gari bai waye ba. Landan za ni, wurin 'yata Hadiza da ta yi haihuwar fari, kuma ba ta da mai yi mata wankan jego a can sai ni. Akwati biyu aka sa a mota, ɗaya na tufafina, ɗaya na kuka da daddawa da kanwa da yajin jego. Kilishi kuwa Hadiza ta ja mini kunne har sau uku a waya cewa Turawa ba sa bari a shigar musu da nama, na bar shi ina jin haushi. Abu ɗaya ne ban yarda ya shiga akwati ba. Shi na naɗe a tsohon ɗankwali na cusa a jakar hannu, wato battar turarena.

Tunda saboda ita nake wannan rubutu, bari in faɗi yadda take. Baƙa ce wuluk, mai kusurwa huɗu, girmanta bai wuce tafin hannuna ba. A kan murfin akwai hoton wata yarinya mai jan ɗankwali a tsaye bakin rafi, bayanta fararen itatuwa, an kewaye hoton da siririn zane na ruwan zinariya. Mijina marigayi, Injiniya, shi ya ba ni ita ranar da na tare, shekara talatin da takwas ke nan. A Rasha ya yi karatun injinan masaƙa, kuma ya ce mini ba a kanti ya saye ta ba. Ya ce akwai wani ƙauye da ba su da sana'a sai wannan zane, bas yake hawa cikin ƙanƙara ya je, ya zauna kusa da mai zanen yana kallo, ya yi ta zuwa har aka gama.

Injiniya mutum ne mai ƙara wa labari gishiri, wannan ko 'ya'yansa sun sani. In ya ce sanyin Rasha na daskarar da yawu kafin ya kai ƙasa, sai mu kalli juna mu sunkuyar da kai. Amma labarin batta ban taɓa sa shi cikin masu gishirin ba. Ni kuma na girmama ta yadda mace ke girmama mazubin da ta fi so: na zuba mata turaren wuta na Barno mai danƙo tun ina amarya, kuma duk jajibirin sallah sai na goge bayanta da man kaɗanya. Niyyata in kai wa Hadiza turaren jego a ciki, in bar mata battar da labarin ubanta.

Kilomita tamanin ne zuwa Kaduna, amma aikin hanya da shingen sojoji na wajen Jaji suka ci mana awa ɗaya da rabi. A shingen, sojan ya leƙo ya ga tsohuwa da carbi, ya ɗaga mana hannu. Bakwai da kwata muna tashar jirgin ƙasa ta Rigasa, takwas jirgi ya tashi, kafin sha ɗaya ina Abuja. Na kwana a gidan ƙanwata a Kubwa. Washegari a filin jirgin sama wata ma'aikaciya ta sa na buɗe jaka, ta warware ɗankwalin, ta ɗaga murfin battar ta shinshina. Ta tambaye ni ko na Maiduguri ne, na ce e. Ta ce ta sani, irinsa kakarta ke ƙonawa, ta mayar mini da hannu biyu.

Abbey Wood

Awa shida da rabi muka yi a sama. A Heathrow jami'in ya tambaye ni kwana nawa zan yi da abin da ya kawo ni, na ba shi amsa da Turancin da na koyar shekara talatin da ɗaya a firamare, ya buga hatimi. Bashir, mijin Hadiza, yana jirana a waje da rigar sanyi a hannu. Jirgin ƙasa da ake kira Elizabeth muka shiga, tun daga filin jirgin har unguwarsu Abbey Wood babu sauka, awa ɗaya da 'yan mintoci. Gidansu a hawa na uku yake, ɗaki biyu da falo. Jikata kuwa tubarkalla, hancin Injiniya ta ɗauko sak.

Bashir yaro ne mai ladabi, aikin kwamfuta yake yi, kuma har yau bai taɓa haɗa ido da ni ba. Laifinsa ɗaya, duk abin da ya gani sai ya tambayi wayarsa. Kwana na huɗu ina banɗaki ina haɗa wa Hadiza ruwan zafi, su kuma suna kicin. Bangon gidajen Landan bai fi kwali kauri ba. Na ji yana gaya mata da Turanci cewa ya duba battar da na ajiye a kan tebur, bugun inji ce, hoto ake mannawa a shafe shi da ruwan sheƙi, irinta na nan birjik a intanet, kuɗinta bai kai na abincin rana ba. Ya ce ai ba laifi, Baba ɗalibi ne a lokacin, abin da aljihunsa ya iya ya saya.

Wannan bai dame ni ba sosai. Amsar Hadiza ce ta soke ni.

"Yi a hankali, kar Mama ta ji. Ka san Baba da labari."

Na tsaya da butar ruwa a hannu har ta fara ƙona ni. Raina ya ɓaci ƙwarai, kuma a ƙarƙashin ɓacin ran akwai tsoro, don wani ɓangare na zuciyata ya ce in fa gaskiyarsu ce? Mutumin nan shekara uku ke nan yana kabari, ba zai tashi ya kare kansa ba. Na gama yi wa Hadiza wanka kamar ban ji komai ba. Na juye turaren a wata kwalba na ba ta, battar kuma na mayar cikin jakata. Na ƙudurta ba zan bar ƙasar nan ba sai wanda ya san abin ya gaya mini ko hannu ne ya zana ta ko inji, ko da amsar za ta kunyata ni.

Wadda ta taimake ni ita ce Hajiya Memuna, maƙwabciyarsu ta hawa na biyu, mutuniyar Kumasi, mai dafa abinci a wata makaranta. Shekararta ashirin da biyu a Landan, babu bas ɗin da ba ta san inda yake kwana ba. Hausarta irin ta zango ce, mace da namiji duk ɗaya take kiransu, da farko har ina waigawa in ga da wa take. Da na ba ta labari ba ta yi dariya ba. Ta ce akwai kasuwar tsofaffin kaya da ke ci ran Juma'a da sassafe a Bermondsey, kuma makarantarsu na hutu, za ta raka ni.

Juma'a: Bermondsey

Na tashi ƙarfe huɗu da rabi na yi wa Hadiza wankan safe, na dama mata kunun kanwa, na ce mata za mu zaga gari da Memuna. Ban yi ƙarya ba, gari muka zaga. Shida da minti ashirin muka shiga jirgi, rabin awa ya kai mu London Bridge, daga nan muka taka da ƙafa minti goma sha biyu cikin yayyafi. Kasuwar wani fili ne a tsakiyar gidaje, an jera tebura, a kansu tsofaffin cokula da agogai da lambobin yaƙi da kofunan shayi da suka rasa 'yan'uwansu. Abin da mu za mu ba 'yan gwangwan, nan shi ake dubawa da tocila ana gyaɗa kai.

Mutum na farko ya ce shi azurfa kawai ya sani. Ta biyu ta juya battar sau ɗaya ta ce tana da kyau, ta koma kan shayinta. Na uku wani tsohon Bature ne mai hular ulu, a gabansa battoci baƙaƙe sun kai goma, da 'yan tsanan katako irin waɗanda ake buɗe ɗaya a tarar da wata a ciki. Ina ganin teburinsa gabana ya faɗi, don biyu daga cikin battocin sun yi kama da tawa.

Mutumin yana da haƙuri. Ya ɗora tawa a tafin hannunsa ya auna nauyinta, ya ce ta gaskiya ba ta da nauyi, don ba katako ba ce ba kuma roba ba, takarda ce mai kauri ake matsewa a jiƙa da mai a gasa. Ya ƙwanƙwasa gindinta da farce ya kasa kunne. Ya ce ta roba ƙara take yi, ta gaskiya kuwa sautinta a dushe yake, kuma tawa a dushe take. Na ji daɗi, amma ya ce kada in yi sauri, ana samun jikin gaskiya da hoton bugu a kai. Sai ya ce akwai gwaji na uku, wato ƙanshi: ta gaskiya in an buɗe ta ana jin warin man da aka jiƙa takardar da shi, ko bayan shekaru. Kafin in hana shi ya ɗaga murfi ya zura hanci.

Atishawa huɗu ya yi a jere. Da ya share hawaye ya tambaye ni me na ajiye a ciki. Na ce turare. Ya ce na tsawon wane lokaci? Na faɗa masa. Memuna ta juya baya kafaɗunta na rawa don dariya.

Saura gwajin da ya fi duka, shi ne na ido. Ya ciro ɗan gilashi mai ƙara girman abu, irin na masu gyaran agogo, ya ɗauki ɗaya daga cikin battocinsa ya ce in duba fuskar hoton. Na duba, sai na ga ɗigo-ɗigo ƙanana a jere, ja da shuɗi da rawaya. Ya ce wannan ita ce shaidar inji, hannu ba ya yin ɗigo a jere. Da ya ɗora gilashin a kan tawa kuwa ya daɗe yana juyawa, sannan ya ce ba ya ganin komai, akwai wani abu mai maiƙo da ya rufe fuskar ya haɗu da hayaƙi. Ya goga yatsa ya duba. Nan na gane man kaɗanyar da nake ta shafawa da sunan gata, shi ya binne shaidar da na zo nema. Kunya ta kama ni a gaban Bature.

Ya ce gaskiya yawancin waɗanda ake kawo masa bugu ne, kuma ba zai ce mini tawa ta fita daban ba. Akwai wata 'yar Rasha a Croydon mai gyaran irin waɗannan kaya, ita kaɗai ya sani da za ta iya wanke ta. Amma ya gargaɗe ni cewa in hoton na mannawa ne mai arha, ruwan wankin na iya ɗaga shi, in tashi babu hoto babu labari. Ya rubuta mini lambarta a bayan wani kati.

Daga nan muka hau bas zuwa Old Kent Road, don Memuna ta ce ba a yanke shawara da yunwa. Titin cike yake da kantunan 'yan Najeriya, ga doya a ƙofar shago kamar a kasuwar Sabon Gari. Muka ci dafa-duka da kifi, fam goma sha biyu kwano ɗaya, kuma barkonon bai kai ko'ina ba. Tana ci tana kallona, sannan ta ce, "Hajiya, wannan abu tun da ya kai shekara talatin da takwas lafiya, a bar shi mana. In ya lalace fa?"

Na ce mata da in riƙe batta mai kyau ina zargin mijina, gara in riƙe baƙin kwali na san gaskiya. Ta ɗauki waya ta kira lambar da ke bayan katin. Bayan ta ajiye ta ce, "Na yi booking. Monday, eleven o'clock."

Asabar da Lahadi

Ban iya ɓoyo ba, don haka ran Asabar na gaya wa Hadiza inda muka je da abin da na ji ta bango. Ta yi kuka, ta ce ba haka take nufi ba, ta roƙe ni in bar maganar, ita ta yarda da Babanta. Na ce ba ta yarda ba, tausayina take ji, kuma ni ban zo Landan neman tausayi ba. Bashir ya wuni a ɗaki bai fito ba sai sallah. Ran Lahadi ya aiko ta ta ce mini zai ɗauki hutu ya kai ni a mota. Na ce ya yi zamansa, wanda ya yanke hukunci ba ya raka mai ɗaukaka ƙara.

Litinin: Croydon

Tara da kwata muka bar Abbey Wood, muka canza jirgi a London Bridge, goma da minti goma muna East Croydon. Memuna ta nuna mini wajen babban ofishin shige da fice, inda mutane ke tafe kowa rungume da fayil. Ta ce rabin furfurarta a layin nan ta same ta. Muka hau taram, wato jirgin da ke bin tsakiyar titi tare da motoci, muka sauka a tasha ta huɗu.

Madam Galina, 'yar Rashar da aka turo mu wurinta, tsohuwa ce, za ta girme ni da kamar shekara goma, gajeriya, ga tabarau rataye a wuya. Ɗakin aikinta shi ne falonta: tebur a bakin taga, fitila mai lanƙwasa wuya, kwalabe ƙanana, da tsinkaye masu auduga a kai. Ta kawo mana baƙin shayi da wani abin zaƙi na 'ya'yan itace a ɗan faranti, wai a lasa a kurɓa. Da Turanci muka yi magana, nata da nauyin Rasha, nawa da nauyin Zariya, muka fahimci juna sarai.

Ta karɓi battar ta shinshina daga nesa, ba ta yi atishawa ba. Ta tambaye ni me na shafa mata, na faɗa ina sunkuyar da kai. Ta ce ta ga wanda ya wanke tasa da sabulun kwanuka, don haka ni ban yi komai ba. Ta maimaita gargaɗin mai hular ulu, ta ce sai na amince da bakina. Na ce na amince.

Ta fara da gindin battar, sannan ta koma kusurwar murfin ta hagu. Tsinke ɗaya bayan ɗaya, kowanne ya shiga fari ya fito ruwan ƙasa. Ni dai carbi nake ja, idona na kan hannunta, ina jiran in ga jan ɗankwalin yarinyar ya biyo audugar. Tana aiki tana yi mana bayani: masu wannan zane da gwaiduwar ƙwai suke kwaɓa launi, burushinsu na gashin kurege ne, wani bai fi gashi kaɗan ba, kuma zinariyar da haƙorin kyarkeci ake goge ta har ta yi ƙyalli. Da na ji maganar haƙori sai na tuna Injiniya ya taɓa faɗar haka a kan tabarmar cin abinci, muka yi masa dariya har yara na ƙwarewa.

Bayan kamar rabin awa ta ajiye tsinke, ta jawo fitila, ta miƙo mini gilashin. Na karɓa na duba. Babu ɗigo ko ɗaya. Layuka ne sirara ƙwarai, wani kan wani, a gefen ɗankwalin har ana ganin inda burushin ya ɗan kauce aka dawo da shi. Zanen zinariyar da nake ɗauka duk ɗaya ne, ashe kowane ganye da ɗan bambancinsa. A can ƙasa wasu haruffa suka fito, ta karanta mini: Palek, sunan ƙauyen. Ta tambaye ni a wane gari mijina ya yi karatu, na ce garin masaƙu ne. Ta ce to ai kusa suke, bas ke zuwa.

"Hannu ne," in ji ta. "Hannun mai koyo, bai gama nuna ba, amma hannu ne mai kyau. Irin wannan ba ta shiga kanti."

Na ce alhamdu lillahi, hawaye suka zubo mini, ban kuma ɓoye su ba. Memuna ta dafa ni tana cewa, "Hajiya, mijinka ya yi gaskiya." Da a nan na tashi na yi sallama, da labarin ya ƙare da daɗi.

Amma Madam Galina ta ce abu ɗaya ya ba ta mamaki, babu sunan mai zane a inda aka saba sa shi, a kusurwar dama. Ta buɗe murfin ta duba cikinsa, wanda danƙon turare ya mayar baƙi ƙirin. Ta ce asalinsa ja ne, ko na tuna an rubuta wani abu a wurin? Sai na tuna. Ina amarya na ga rubutun zinariya layi biyu, na tambayi Injiniya, ya ce sunan mai zanen ne. Daga baya turare ya rufe shi, ni ma na manta. Na ce ta wanke.

Wannan ya fi ɗaukar lokaci, don turaren Barno ba ya sakin abin da ya kama. Sha biyu da rabi ta wuce kafin jan ya bayyana, haruffan suka fito ɗaya bayan ɗaya. Ta karanta a zuciyarta. Sai ta cire tabarau ta dube ni, ta tambaye ni ko ina so ta fassara mini. Na ce tun daga Zariya na taso.

Ta fara da sunansa na yanka, sunan da ni ban taɓa furtawa ba tun da aka ɗaura mana aure, kuma ba zan rubuta shi a nan ba. Jin sa a bakin baƙuwa ya sa tsigar jikina ta tashi. Sannan ta ci gaba: "Kada ka manta da ni. Nadiya."

Shekara talatin da takwas ina ganin mai zanen nan a raina, tsoho ne mai farin gemu da tabarau. Injiniya bai taɓa ce mini tsoho ne ba, ni na ƙera abina. Na mayar da murfin na dubi yarinya mai jan ɗankwali, wadda yanzu fuskarta ta fito tas. Na tambayi Madam Galina ko ita ce. Ta ɗaga kafaɗa ta ce ba za ta rantse ba, amma ɗalibai kan zana fuskar da suka fi gani a madubi.

Ta so ta lallashe ni. Ta ce namijin da ya ba amaryarsa irin wannan kyauta ya rufe wancan babin ke nan, ya miƙa mata mabuɗin. Na gode mata, amma ban karɓa ba, don ita ba ta san shi ba, ni kuma da na san shi ban san wannan ba. Na biya ta ladan aikinta. Ta ce kada in ƙara shafa mai, ƙyalle mai laushi ya isa.

Muka hau taram. Haushi nake ji, irin haushin da babu inda za a kai shi, don ba a yi wa mamaci faɗa. Ashe duk tafiyar nan cikin ƙanƙara da yake ba mu labari yana murmushi, ba son zane ne ke kai shi ba. Sai da muka shiga jirgin London Bridge Memuna ta ce a hankali, "Amma Hajiya, shi bai yi ƙarya ba fa." Na ce na sani, abin da ke ba ni haushi ke nan. Ta fashe da dariya, ni ma ban san lokacin da tawa ta ƙwace ba, har wani Bature ya ɗago daga jaridarsa.

Komawa Abbey Wood

Ƙarfe uku da rabi muka shiga gida. Hadiza na falo da jaririya, Bashir ya dawo da wuri, yana tsaye a ƙofar kicin. Na ajiye battar a tebur na ce da hannu aka zana ta, a ƙauyen da ubanta ya faɗa, kuma a gabansa. Bashir ya durƙusa har ƙasa ya ce in yafe masa, na ce ya tashi, ya wuce. Hadiza ta ɗauka tana juyawa, tana mamakin yadda launin ya fito. Sai ta buɗe murfin ta ga rubutun. Kafin in ankara ta jawo wayarta za ta haska, don yanzu waya na fassara kowane harshe.

Na yi niyyar in riƙe wannan a cikina, tun a jirgi nake shirya yadda zan yi shiru. Amma ban ga dalilin da waya za ta ba 'yata labarin ubanta ina zaune ba.

"Ajiye wayar nan," na ce. "Ni zan faɗa miki."

Na faɗa mata duka, a gaban mijinta. Ta ajiye battar, sannan ta tambaye ni ko raina ya ɓaci. Na ce ya ɓaci, kuma zai huce. Na ce mata ubanta bai yi mini ƙarya ko ta kalma ɗaya ba, bai dai faɗa mini duka ba, kuma ya yi saurayi kafin ya zama ubanta. Battar kuwa na ce ta yi haƙuri, ba yanzu za ta same ta ba, ban gama kallonta ba.

Zariya

Na cika kwana arba'in na jego, na ƙara sati ɗaya. Jirgi ya sauke ni Abuja da safe, na bi jirgin ƙasa na rana zuwa Rigasa, direban ɗana ya ɗauke ni, muka shiga Tudun Wada ana kiran la'asar. Na tarar da gida lafiya, sai dai maƙwabta sun bar mini kaji sun cinye alayyahun da na shuka.

Na gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni. Na gode wa Hajiya Memuna da ta ba ni kwana biyu na hutunta, da tsoho mai hular ulu wanda na sa shi atishawa, da Madam Galina mai haƙurin hannu. Bashir ma na gode masa, da bai yi karambaninsa ba da na mutu ban sani ba. Injiniya kuwa Allah ya jiƙansa, ya yafe masa, ni na yafe, ko da yake da zai dawo na awa ɗaya da ya sha tambaya.

Saura Nadiya. Ban san ko tana raye ba, in tana raye yanzu tsohuwa ce kamata. Ta zauna makonni tana jan gashin kurege a kan abin da ta san zai tafi ƙasar da ba za ta taɓa gani ba, abu ɗaya kuma ta roƙa. Ko ya cika mata ko bai cika ba, wannan tsakaninsa da Ubangijinsa ne. Ni dai da ban taɓa ganinta ba, ga shi na rubuta sunanta.